Sinancin Auta

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da faɗa saboda na tsaya jiya a daidai kan lambar waya, na ji, na kuma yafe. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in wani abu ya sami Dogo za ki fita daga gurup, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta. Ni ma ba da daɗin rai na rubuta ba.

*

Ƙarfe goma na safe Auta ta ja ƙofar shagonta na ɗinki ta sa sakata, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta buɗe shi. Ta kashe fanka. Ta ture kayan makarantar da take ɗinkawa daga kan keke, ta ajiye kwalin zaren da ta rubuta lambar a bayansa.

Da safen nan ta kwafo ta daga wayar Yaya, yana wanka. Bai ajiye ta da suna ba. Abin da ya rubuta kawai shi ne: KAR A ƊAGA.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabon da wani a gidansu ya ji muryar Dogo, wanda Auta take bi wa. Shekara tara da suka wuce ya tafi Chaina saro wa Yaya kayan waya, ƙasar ta karɓe shi, ya yi aure a can har da 'ya. Da, ba ya kwana uku bai kira ba. Sai kawai aka ji ɗif. Yaya, babbansu, ya ce matsalar takardun zama ce, Dogo a ɓoye yake, ba halin kira sai dai saƙo. Duk ƙarshen mako zai zauna gaban Inna, wadda ciwon suga ya cinye wa idanu, ya karanta mata daga wayarsa: "Inna ina gaishe ki, ina nan lafiya."

A nan Auta ta fara jin abu ya tsaya mata a rai. Dogo bai taɓa ce wa uwarsu Inna ba. Tsohuwa yake ce mata tun yana ɗan sakandare, ta jefe shi da takalmi yana kaucewa yana dariya.

Mutum ɗaya ce za ta san gaskiya, matar Dogo, mai wannan lambar. Ita kuwa ba Hausa, ba Turanci. Shi ya sa wata biyar cur Auta tana haddar Sinanci kamar mai shirin jarrabawa, a waya, a littafi, da kuma wurin tsohuwar nan 'yar Chaina mai sayar da kayan keken ɗinki a kasuwa.

Ta buɗe littafinta. Jimla shida ta shirya, ta rubuta su da baƙaƙen Hausa yadda kunnenta ya ji su, ta ja 'yan kibiyoyi a saman kowace gaɓa, wannan murya sama, wannan ƙasa.

Ta danna naɗar murya kamar yadda tsohuwar ta gargaɗe ta. Ta yi bisimilla. Ta kira.

Ƙara ɗaya.

Biyu.

A ta huɗu aka ɗaga.

"Wei?"

Muryar mace, a gajiye. Duk abin da Auta ta haddace ya tashi daga kanta kamar an kaɗa kaji. Ta dafe littafin, ta karanto gaisuwa.

"Ni hau."

"Ni hau," matar ta amsa, da alamar tana shirin kashewa.

"Wo shi meimei." Ni ƙanwa ce. Sai ta tuna ba ta faɗi ƙanwar wa ba. "Dogo. Dogo de meimei."

Sai ƙarar wani abu da ya faɗi can, kamar kujera.

Sai magana ta ɓarke. Magana kamar an fasa bututun ruwa, da kuka a cikinta, da numfashi, ba waƙafi ba aya. Sinancin da Auta ta saba ji a waya mai ladabi ne, wata mata ce take faɗar kalma ɗaya ta jira ka. Wannan ba ya jiran kowa.

"Man idiyan!" Auta ta ce, har tana ɗaga hannu kamar matar na ganinta. A hankali. "Man idiyan. Wo ting bu dong." Ba na ganewa.

Matar ta ja hanci. Ta tsagaita.

Auta ta sa yatsa a kan jimla ta uku. Ita ce ta fi maimaitawa a duniya. Ta faɗe ta tana taka keke, ta faɗe ta tana wanke-wanke, ta faɗe ta cikin barci.

"Ta zai nali?"

Yana ina?

Amsa ta zo. Kalma ɗaya, a rarrabe, yadda ake yi wa yaro.

"I...yuwan."

Asibiti.

Auta ta san ta! Darasi na takwas. Asibiti, makaranta, tasha. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har ƙafa.

"Alhamdulillahi," ta faɗa da Hausa, hawaye na zubo mata. "Ashe rashin lafiya ce. Alhamdulillahi, Allah na gode maka."

Ta yi sauri ta nemo jimla ta huɗu.

"Ta hau ma?" Yana samun sauƙi? Ba haka ainihin ma'anar take ba, amma iyakar abin da take da shi ke nan.

Wannan karon matar ba ta yi kuka ba. Muryarta ta sauka ƙasa, ta yi laushi.

"Meimei."

"Na'am... wo zai." Ina nan.

"Ta si le."



Si.

Akwai si biyu a littafinta, a shafi ɗaya, tsohuwar ta zagaye su da jan biro. Ɗaya murya tana faɗowa daga sama kamar an saki guduma: huɗu. Ɗaya murya tana nutsewa ƙasa ta ɗan ɗago: mutuwa.

Huɗu ta ce. Huɗu ce. Kwana huɗu yana asibiti. Ko wata huɗu. Ko ɗaki mai lamba huɗu.

"Si?" ta tambaya, ta sako muryar daga sama da ƙarfinta. Ta ƙirga mata ma: "I, ar, san, si?"

"Bu shi," matar ta ce. A'a. "Bu shi, meimei."

Aka yi 'yar kokawa da wayar a can, sai ga wata siririyar murya dab da kunnenta.

"Gugu?"

Gwaggo. 'Yar Dogo ce. Ko a wannan kalma ɗaya akwai shaƙewar nan ta muryar ubanta.

Auta ta buɗe baki, ba Sinanci ba Hausa.

Uwar ta karɓi wayar ta ci gaba da magana, doguwa, tana yi tana maimaitawa. Auta ta bar ta, tunda waya tana naɗa. Abu biyu kawai ta tsinta a ciki kamar mai tsintar allura a yashi. Gege, wato yaya. Da jiu tiyan, kwana tara. Shi ta faɗa ya fi sau biyar.

Jiu tiyan. Jiu tiyan.

Sai layin ya yanke.

*

Ba ta san ta fito da takalmi ɗaya nata ɗaya na wata mai kawo ɗinki ba sai da ta isa kasuwa.

Shagon tsohuwar yana ƙarshen layin masu yadi, ƙunci kamar akwati, bango duk ƙusoshi, an rataye bel na keke, ƙafafun danna yadi, kwalaben mai, allurai a ƙananan ledoji. Shekara ashirin da biyu tana wurin. Auta ce ta fara ce mata Laushi, don haka ake ce wa malami da Sinanci, sai duk layin suka ɗauka, suna dariya, don babu abin da yake da laushi a jikin matar nan. Ko ragin allura ɗaya ba ta yi wa uban kowa.

Ta ɗago ta kalli Auta ta saman tabarau. Ta kalli ƙafafunta.

"Kin kira."

"Na kira."

"Zauna."

"Laushi, huɗu ta ce. Ina ganin huɗu ta ce, layin ne ba kyau. Ki ji min."

Tsohuwar ta sallami mutumin da yake tsaye yana duba bel, ta ce ya dawo gobe. Ta sauke labulen shagon rabi. Ta karɓi wayar ta kara a kunne.

Auta ta kafe fuskarta da ido. Fuskar ba ta motsa ba. Sai a wani wuri ta cire tabarau ta ajiye a kan teburi.

Ta saurara har ƙarshe. Ta mayar baya ta sake jin wani yanki. Ta kife wayar.

"Ranar farko me na gaya miki?"

"Laushi don Allah..."

"Me na gaya miki?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Kin ce kunnena ya fi na duk wanda kika taɓa koya wa. Kin ce mu ma muna da shi a yarenmu. Wuya na jiki, da wuya ta wahala."

"Kin taɓa rikita su?"

"A'a."

"To yau ma ba ki rikita ba, 'yata. Kin ji daidai."

Auta ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa, cikin ƙurar zare da ɓawon kwali. Innalillahi take son faɗa, harshen ya ƙi juyawa. A waje wani yana cinikin yadi yana rantsuwa, wani rediyo yana waƙa, duniya tana harkarta.

"Yaushe?" ta ce daga ƙarshe.

"Wata goma sha ɗaya."

"Wata nawa?"

"Ya faɗi a wurin aiki. Ƙirji. Kafin a kai asibiti ya tafi."

"Amma ta ce yana asibiti. Da kunnena na ji, iyuwan, darasi na takwas..."

Laushi ta sauko daga kujerarta da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta tsuguna gabanta.

"Yana asibiti. A ƙasa. Ɗakin sanyi."

Auta ta kalle ta.

"Ba a binne shi ba?"

"Ba a binne ba."

"Wata goma sha ɗaya Dogo yana cikin firji?"

"Ta ce aurensu ba a rubuta shi a ofis ba. Sun ce ita ba kowa ba ce a takarda. Sai ɗan uwa na jini ya sa hannu. Ta ce ta kira yayanku, ta kira, ta kira. Ta sa maƙwabci mai Turanci ya rubuta masa. Ya karanta, bai amsa ba. Ta ce duk ranar hutu tana zuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ita da yarinya, don kar ya ji shi kaɗai."

A nan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba, irin wanda yake fita ta haƙarƙari. Tsohuwar da ba ta taɓa ko dafa kafaɗarta ba ta riƙe mata kai da hannu biyu.

Da ta ɗan lafa, Auta ta goge fuska da gefen mayafi.

"Kwana tara fa? Na ji ta tana ta faɗi. Kwana tara me?"

Laushi ta saki kanta. Ta miƙe ta koma bayan teburi, ta hau jera allurai da suke a jere.

"Ta ce makon jiya takarda ta iso daga wurinku. Da sa hannu. Ta roƙe su su jira, sun ba ta kwanaki. Saura tara."

"To ai alheri ne. An sa hannu, za a ba ta shi ta binne. Ko ba haka ba?"

Tsohuwar ta ci gaba da jera allurai.

"Laushi?"

"Ta ce ya taɓa gaya mata yadda ake yi wa mamaci a wurinku. Ta ce ta yi masa alkawari. Tana tambaya me ya sa ku da kanku kuka aiko da wannan takarda."

"Wace irin takarda ce?"

"A wurinmu ba komai ba ne. Uwata haka aka yi mata, ubana haka. Amma na zauna da ku shekara ashirin da biyu." Ta girgiza kai. "Bakina ba zai faɗa miki ba. Je ki wurin wanda ya sa hannu."

*

Kullum ƙarfe ɗaya Yaya yake barin shagonsa ya zo gida ya yi wa Inna allurar suga da hannunsa. Ko ana ruwa ko ana rana. Duk unguwa da shi ake misali.

Auta ta tsaya a tsakar gida tana jin su ta taga.

"Sannu Inna. Kin ji zafi?"

"Hannunka ba zafi, Babba. Allah ya yi maka albarka."

"Amin Inna. Ki ɗan kwanta."

Ya fito yana naɗe hannun riga, jakarsa a kafaɗa. Ya gan ta.

"Ke lafiya? Ba ki je shago ba? Wane irin takalmi ne wannan a ƙafarki?"

"Yaya, zo sito ina son magana da kai."

"Sauri nake, kaya sun iso..."

"Zo sito."

Ya dube ta da kyau. Shekara goma sha biyar ya ba ta, shi ya kai ta makaranta ranar farko, ba ta taɓa yi masa magana a wannan murya ba. Ya bi ta.

Siton yana bayan kicin, cike da kwalayen caja da gilasan waya har rufi, duk da rubutun Chaina a jikinsu. Ta tura ƙofar. Ta jingina da wani kwali.

"Ta si le," ta ce.

"Me?"

"Ta si le."

"Ke Auta, ba na son shashanci. Wannan yaren naki na 'yan kasuwa ki bar shi a can. Me kike cewa?"

"Abin da matar da ka hana a ɗaga wa waya ta gaya min ke nan yau da safe."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa.

"Kin taɓa min waya?"

"Shi ne abin da za ka tambaya?"

"Wa ya ba ki izinin..."

"Yaya, Dogo ya mutu?"

Ya kalli ƙofa. Ya kalli kwalaye. Ya sa hannu ya shafi gemu.

"Rage murya."

"Ya mutu?"

"Na ce ki rage murya, Inna ba ta yi barci ba."

"Ka ce min a'a mana. Ka ce min Sinancina ne bai nuna ba, wata biyar ne kawai, me na sani? Ka ce na ji ba daidai ba. Wallahi zan yarda. Zan ba ka haƙuri har ƙasa."

Bai ce ba.

Ya zauna a kan wani kwali, kwalin ya lotsa da shi. Ya rufe fuska.

"Allah ya jiƙansa," ya ce ta cikin tafukansa.

"Kar ka ce Allah ya jiƙansa! Ka sa an yi masa wanka? Ka sa an sallace shi? Wata goma sha ɗaya ɗan uwanka uwa ɗaya uba ɗaya yana kwance a firji kamar kifi, kai kana nan kana rubuta wa kanka wasiƙa kana karanta wa makauniya!"

"Auta!"

"Ƙarya na yi?"

"Kin san me likita ya ce a makon da abin ya faru? Kina wurin? Ni ya ja gefe. Ya ce zuciyar Inna ta kumbura, ko ƙofa aka buga da ƙarfi tana iya tafiya. Kwana biyu tsakani aka kira ni. Me kike so in yi? In shiga in ce mata ɗanki ya mutu, in binne biyu?"

"Ko ɗaya ba ka binne ba."

Maganar ta same shi. Ya sauke idonsa kan siminti.

"Cewa na yi sai gobe," ya ce a hankali. "Gobe ta yi na ce sai ta ɗan ji ƙarfi. Ta tambaye ni ya Dogo bai kira ba, bakina ya suɓuce na ce ya aiko saƙo. Sau ɗaya na yi niyya, wallahi sau ɗaya. Ta yi murmushi, ta ci abinci ranar. Daga nan ta ina zan dawo?"

"Ni fa? Zuciyata ce ta kumbura?"

"Ke ba kya iya riƙe fuska."

"Inna tana ganin fuska ne?"

Ya kau da kai. Ta matsa kusa da shi.

"Me ya hana ka tafiya can?"

"In ce wa Inna na je yin me?"

"Ka ce ka je wurin Dogo. Da ka faɗi gaskiya ko sau ɗaya ne."

"Ba za ki gane ba."

"Matarsa fa? Baiwar Allah tana kiranka kamar mai bara. Me ya sa ba ka ɗagawa?"

"In ɗaga in ji me? Kuka ne, da yaren da ba na ji."

"Ni ma ba na ji, Yaya. Koya na yi. Ina taka keke ina koya. Kai da kake da tafinta a hannu fa?"

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba kukanta nake gudu ba. Abin da za ta ce nake gudu." Ya ja numfashi. "Ya kira ni, Auta. Kafin abin ya faru. Yana tari. Ya ce Yaya ƙirjina ba daɗi, zan taho gida in ga Tsohuwa in huta. Na ce ya bari a loda kwantena tukuna, mako biyu ne kawai. Ya ce to Yaya. Kin san shi, bai taɓa ce min a'a ba." Ya nuna kwalayen da suka kewaye su. "Ga kayan nan. Sun iso lafiya. Shi a kwana na goma ya faɗi."

Auta ta janye kafaɗarta daga kwalin da ta jingina da shi kamar ya ƙona ta.

Wani ɓangare na zuciyarta ya so ta tausaya masa. Ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta ga furfurar da ba ta nan bara. Amma ba lokaci.

"Ina takardar?"

"Wace takarda?"

"Wadda ka sa wa hannu makon jiya."

Ya yi ajiyar zuciya, kamar wanda aka zo wurin da yake da abin faɗa.

"To kin gani, ai ba zama na yi ba. Na gaji da abin, ba na barci. Na sami Tafinta, mai ofishin dakon kaya, shi yake min duk maganar can. Na ce ya nemo hanya. Ya kawo takarda ya ce ta sallamar gawa ce. Na sa hannu, an aika. An gama, Auta. Za a sallame shi."

"A sallame shi ina?"

"Wurin matarsa mana."

"Haka aka rubuta?"

"Haka ya ce."

"Ba ni in gani."

"Ke me za ki gane a ciki? Gaisuwa kika iya."

"Ba ni."

Ya buɗe jakar, ya zaro kwafin daga cikin wata ambulan, ya miƙa mata.

Gaskiyarsa, magana ta koya, ba karatu ba. Rubutun ya cika shafin kamar tururuwa sun yi layi. Duk abin da ta sani a rubutun nan bai kai talatin ba, waɗanda Laushi ta zana mata a bayan kwali don nishaɗi: mutum, ruwa, dutse, baki, rana.

Ta ga sunan Dogo da baƙaƙen boko. Ta ga sa hannun Yaya a ƙasa, mai doguwar jela.

Ta sa yatsa tana bin layi ɗaya bayan ɗaya.

Mutum. Wannan ta san shi.

Rana. Kwanan wata ke nan.

Sai yatsan ya tsaya.

A can sama, cikin manyan baƙaƙen kan takardar. Kamar mutum ya ware ƙafafu, da ɗigo biyu a gefensa, hagu da dama, kamar tartsatsi.

Ta gangara. Ga shi kuma a tsakiya. Ga shi kuma dab da inda ya sa hannu.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Wannan wuta ce."

"Wace irin wuta?"

"Wuta. Wutar da ka sani. Sau uku." Ta juya masa takardar, yatsanta a kai. "Me wuta take yi a takardar gawa?"

Ya miƙe tsaye. Ya fizge takardar yana kallo kamar kallon zai sa ta koma Hausa. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ta kusa faɗuwa, ya kira, ya sa a bayyane.

"Maigida, barka da rana," muryar Tafinta ta fito, da hayaniyar ofis a bayansa.

"Takardar nan da ka kawo min. Ta mece ce?"

"Wacce? Au, ta marigayi? Ai an gama, ta isa tuni."

"Na ce ta mece ce!"



"Haba maigida. Na ɗauka ka gane ai. Kai ka ce min in nemo hanyar da maganar za ta rufu ba tare da Hajiya ta ji ba, ba tafiya, ba ɗauko gawa. To hanyar ke nan, ita ce mai sauƙi. Toka ce kawai za a ba matar a ɗan..."

Yaya ya kashe wayar.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi tallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba, ko ba ka so ka sani ba?"

"Auta ki yarda da ni..."

"Kwana tara ya rage!" Ta manta da taga, ta manta da likita, ta manta da komai. "Matar da ba addininmu ɗaya ba ta tsare shi wata goma sha ɗaya, kai ka sa hannu a ƙona shi! Ƙona shi za a yi, Yaya!"

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙarar sanda a kan siminti, dab da ƙofar.

Duk su biyun suka daskare.

Ƙofar siton ta buɗe a hankali. Inna ce tsaye, ba ɗankwali, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya yana lalubar bango. Audugar allurar tana manne a damtsenta. Fararen idanunta suna kallon tsakaninsu, inda ba kowa.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Wa za a ƙona?"

Auta ta kalli Yaya. Yaya ya kalli ƙasa.

Inna ta jira. Ta gyara riƙon sandarta.

"Na ji kun yi shiru," ta ce. "To, Babba, wayarka tana hannunka, na ji ƙararta. Yau ba na son saƙo. Kira min Dogo. Ina tsaye."